Mai Jan Wando a Talabijin Baƙi da Fari

Kawu ne ya kawo gem ɗin. Ya kai albasa kurmi, ya dawo Argungu da shi cikin kwalin sabulu: inji ɗaya, hannu biyu masu waya, da kaset ɗaya na faɗa. Rubutun da ke fitowa ciki ba boko ba ne, ba ajami ba, wasu ƙananan zane ne kamar sawun kaji. Ni lokacin na zo hutu daga Birnin Kebbi, shekarata sha ɗaya. Ɗiyar Kawu, taubashiyata, ta girme ni da wata bakwai kuma ba ta bari in manta.

Na san kaset ɗin. Akwai shi a shagon gem na bayan makarantarmu, inda muka raba 'yan faɗan gida-gida. Waɗanda komi nasu ɗaya, kalar kaya kawai ta bambanta, muna ce musu tagwaye. Waɗanda jiki ɗaya amma kowa da bugunsa guda ko biyu, 'yan uba. Akwai kuma waɗanda tsayuwa kawai suka yi kama, su ba mu taɓa daidaitawa kan sunansu ba. Rigimar da ba ta ƙarewa a shagon ita ce ta mai jan wando da mai shuɗin wando. Wasu su ce tagwaye, ni ina cikin masu cewa 'yan uba, don na rantse ja kaɗai ke da taɗiya, wadda yake duƙawa ya share ƙafar mutum.

Hutu ya ƙare, aka zo maganar inda gem zai zauna. Kawu ya ce don mu biyu ya saye, ba ya raba shi.

"Ku buga sau guda," in ji shi. "Wanda yac ci, shina wurinai har hutu na gaba."

Wata uku ke nan. Ni na riga na faɗa wa duk 'yan layinmu cewa da gem zan dawo.

Bayan la'asar aka kawo wuta, muka zauna kan tabarma a falo. Talabijin ɗin Kawu baƙi da fari ne, kuma hotonsa ya ɗan haura sama, ba a ganin layin jinin da ke nuna ƙarfin da ya rage wa kowa. Duk hutun hakan bai dame mu ba, don taubashiyata kullum wani ƙato take ɗauka, ni in ɗauki siriri. Ranar nan na ce bari in fito da gwanina. Na kai kan fuskokin nan biyu da ke jere, sai na tsaya. A shago ja na hagu ne. Ko dama? Nan dukansu toka-toka. Na danna ɗaya.

"To, ɗan birni, ni ma ga ɗan'uwanai," ta ce, ta danna ɗayan.

"Ke, ba a haka!"

"Wa yah hana?"

Aka fara. Na san ni ne a hagu, na kusan daƙiƙa biyar. Sai wani ya tsallake wani, wancan ma ya tsallako, shi ke nan. Ina danna tsalle, su biyu suna tsalle. Na saki hannu in gani wane zai tsaya, ashe ita ma dabarar da ta zo mata ke nan, mutum biyu suka tsaya suna kallon juna. Muka koma dannawa kamar masu sussuka. Wanda nake bi da ido yana cin duka, raina ya ɓaci, sai na ga kamar ba shi ne ni ba, na koma bin ɗayan, shi ma ya fara cin duka.

Can ɗaya ya duƙa ya share ƙafar ɗaya. Wancan ya faɗi bai tashi ba. Sawun kaji ya cika talabijin.

Mu biyu muka yi tsalle muna ihu.

Kawu ya dube ni, ya dube ta. "To wa yac ci?"

"Ni na!" Tare muka faɗa.

"Kawu, taɗiya ce ta gama faɗan," na ce. "Ja kaɗai ke da ita. Su ba tagwaye ba ne, 'yan uba ne."

"Ina jan?" ta ce. "Nuna mini ja a talabijin ɗin nan in ba ka har da kwalin."

"Ni ja na ɗauka."

"Da mi kag gane?"

Sai na ƙara murya. Na shiga yi wa Kawu bayanin tagwaye da 'yan uba da waɗancan marasa suna. Ya saurara sosai, har ya ajiye rediyonsa.

"Tsaya, yaro. Uwa tasu guda ko uba?"

"Kawu, ba su da uwa. Zane ne."

"To wa yac ce maka 'yan uba na?"

"Mu muka ce."

Inna, matar Kawu, ta leƙo daga tsakar gida da faifai a hannu, ta ce ita mutum ɗaya ta gani yana dukan kansa tun ɗazu, a ba shi haƙuri. Taubashiyata ta ce a sake bugawa, kowa ya ɗauki na dabam. Kawu ya ce sau guda ya faɗa, kuma sau guda aka yi. Ya ce tunda ni na kawo hujja, ko da shi bai gane ta ba, ita kuwa ba ta kawo komi ba sai baki, in tafi da gem ɗin.

Ba ta yi kuka ba. Ita ta naɗe wayoyin da kanta ta sa a kwali. Ta ce, "Ka gaida ja."

Washegari a mota na rungume kwalin har gida. Ko takalmi ban cire ba na haɗa shi da talabijin ɗinmu mai kala. Fuskokin suka fito: shuɗi a hagu, ja a dama. Na zauna ina ƙoƙarin tuna wane na danna jiya. Hannuna na cewa hagu, kaina na cewa dama. Na ɗauki ja, na duƙa, ya yi taɗiya. Na ji sanyi. Sai na ce bari dai in gwada shuɗi. Ya duƙa, ya share ƙafa, tsaf, babu bambanci ko na ƙwayar gero.

'Yan layinmu sun cika zaure suna kiran sunana. Mama ta shigo ta tarar da ni zaune da hannu biyu a cinya.

"Ashe kai ka ci?" ta ce.

Na ce mata Kawu ya ce ni ne. Gem ya yi wata ukunsa a gidanmu, kuma duk wanda ya zo bugawa na hana shi taɓa mutanen nan biyu.