Shekara tara ba Yaya Laminu a bakin tafkin mazari

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Laminu, wanda mutanen Matameye suka fi sani da Mushe, wato malami a bakin Faransanci, don ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ni ne ƙaninsa, telan da ke tafiya Kano cin rani. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kunya ce ta hana ni, za ku kuwa ji dalili.

Bayan ya ajiye aiki, Yaya ya koma lambunmu na gado a hanyar Tsauni, inda muke noman rake a gefen tafki. Raken dai ya samu abin da ya samu. Mutumin da hankalinsa ke kan mazari ina zai ga ciyawa? Da hantsi sai ya tsuguna a bakin ruwa da kaye, littafin rubutunsa, da bik ɗinsa na rubutu, yana kallon ƙwarin nan masu karkarwa yana zana su. Masu wucewa su ce, "Mushe, yau ɗalibai nawa suka zo?" Shi ko a jikinsa.

Mu duk mazari muke ce musu. Shi ya raba su gida biyu. Akwai manya, masu idanu a haɗe, da ke barin fukafukai a shanye in sun sauka. Akwai kuma sirara, masu idanu a ware, da ke naɗe nasu a baya. Da ya ga Hausa ba ta raɗa wa kowanne suna ba, sai ya yi musu wanzanci da kansa. Jan nan ya zama Barkono. Mai baƙin tabo a fiffike, da ke bin ƙafar shanu, ya zama Mabi-sawu. Siririyar shuɗiya da ke maƙalewa a kacala, doguwar ciyawar bakin ruwa, ita ce Allura, ita ce kuma 'yar gaban goshinsa.

Wata shekara na dawo daga Kano da sabon famfon feshi, ina jin kaina wayayye. Yaya ya tafi asibiti Damagaram. Na zagaya lambu, na ga wasu busassun ƙwari manne a karan kacala birjik, na ce to ga masu cinye mana rake. Na sare kacalar tas, na feshe bakin tafkin har cikin ruwa, ina jiran a sa mini albarka. Garin gyaran gira na rasa ido.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tsinci ɗaya daga ƙwarin ya ɗora mini a tafin hannu, na ji ba nauyi, fanko ne.

"Riga ce wannan, ƙanena," in ji shi. "Mai ita ya tuɓe ya tashi. A cikin ruwa suke girma, suna cin 'ya'yan sauro, sannan su hau kara su fito. Gidan haihuwa ka rushe."

Manyan sun dawo da damina, su masu dogon zango ne. Allura shiru. Haka aka yi shekara biyu, ciwo kuma ya kwantar da shi. Ana saura kwana kaɗan ya cika ya tambaye ni ko ta dawo. Tausayi ya kama ni na ce ta dawo, da idona na gan ta.

"Da ta sauka, yaya ta yi da fukafukanta?"

Na ce ta shanya su. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ba ka iya ƙarya ba, ba ka iya kallo ba. Ka bar ta farkon, ka koyi na biyun."

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Injin ban ruwa ya cika fadama, tafkin yana janyewa tun kafin sanyi ya wuce. An ce har waya tana faɗin sunan ƙwaro in ka ɗauki hotonsa. Na san zai so wannan, amma na san zai ce waya ba ta koya wa mutum zama shiru. Maƙwabta sun dame ni in sare kacalar da ta sake tsirowa in ƙara rake. Na ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Bai bar gini ba, bai bar garke ba. Ya bar kaye huɗu, da ƙani mai gaggawa wanda yanzu ke iya tsugunawa sa'a guda bai motsa ba. Wallahi ina kewarsa.

Bara, bayan kaka, ina tsugune sai ga siririyar shuɗiya a kan kara. Ban yarda da idona ba sai da ta naɗe fukafukai a baya. Na miƙe ina sauri in kai labari gida, har na hau titi kafin in tuna wanda ya aike ni ba ya nan. A tsaye a wurin na yi masa addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa, na ce, Yaya, wannan karon gaskiya na faɗa.