Takalman Ranar Lahadi

Yau idan na hau benen da na taɓa haya kusa da kasuwar Shahe a China, ƙofofi duk fes suke, babu ko silifa. A da kuwa ƙofata ba ta rabuwa da takalma, don a ɗakina 'yan Kano da 'yan Maraɗi ke jam'i.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwa ce 'yar China, Kirista. Na ga coci a Sabon Gari, na gani a Legas da Adis Ababa, ko'ina da ganga ko ƙararrawa. Nata babu sauti. Ran Lahadi mutanenta kan shigo ɗai-ɗai, su yi waƙa da leɓe kawai. Mahaifinta fasto ne. A shekarun da aka rufe coci-coci aka tafi da shi, bai dawo ba. Shi ya sa ba ta taka cocin da hukuma ta yi wa rajista, taron gida kuma ba a yarda da shi ba.

Ɗakin nata ƙarami ne, ko'ina gwiwa, babu wurin takalmi. Idan kuma takalma suka taru a ƙofarta, mai gadi zai gane.

"Lawban," ta ce mini, wato maigida, "naka ba wanda ke dubawa."

"Zuba su, Mama."

Wani mutumin Maraɗi ya ga ƙananan takalman yadi cikin namu. "Alhaji, yaushe ka fara limancin tsofaffin China?"

"Ɗora naka a kai, ka yi shiru."

Da wasannin Olamfik suka matso, aka daina sabunta mana biza. Muka watse, na kulle ɗaki na tafi Kano.

Lokacin kaka na dawo baje kolin Pazhou, na ƙwanƙwasa mata. Ta rame. Ashe sabo ya sa mutanenta suka ci gaba da ajiye takalma a ƙofata. Mai gadi ya ga tari a ƙofar wanda ya san ba ya ƙasar, ya kira 'yan sanda. Suka tafi da mai karanta musu littafi, sauran aka ja musu kunne.

"Ina jama'a, Mama?"

"Meyo," ta ce. Babu.

Daga nan ba a sake taro a ɗakin ba. Har ta rasu, ita kaɗai take waƙarta ran Lahadi.