Babbar Rigata da Kunnen Ummi

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, cikin watan Yunin shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. A lokacin, daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku babu mai gwada kunne kamata. In kiyashi ya yi tari a Babban Giji, ni Sabo ina zaune a ɗakin awo zan faɗa maka ko mura ce ke damunsa. Ina kallon yaro nake gane mai ji da marar ji. Haka nake faɗa, kuma ba wanda ya taɓa musa mini sai ranar.

Ku yaran yanzu da kuka tarar da na'ura, a sa wa jinjiri ɗan abu a kunne yana barci ta fitar da sakamako, a sama kuka tsinci aikin nan. A ƙaramin asibitinmu na Tarauni kayan aikina uku ne: kacau-kacau, kofin tangaran da cokali, sai bakina. Ina mataki na bakwai na albashi aka tura ni kwas na sati biyu a kan kunne, na dawo ina jin kaina farfesa. Ga yadda ake gwajin. Yaro ɗan wata bakwai zuwa tara, uwa ta zaunar da shi a cinya. Mutum ɗaya ya zauna a gabansa yana juya wani abin wasa don ya ɗauke masa hankali. Mai gwaji ya lallaɓo ta baya, ya yi ɗan ƙaramin sauti saitin kunne. In yaro ya waiwaya, ya ji. Sharaɗin ɗaya ne tak: kada yaron ya san kana bayansa ta kowace hanya sai ta kunne.

To, ranar aka ce sabon ciyaman na ƙaramar hukuma zai zagayo asibiti. Kaki ya tafi, babbar riga ta dawo, kowa yana so a gan shi. Na ajiye farar rigar aiki, na zuba shadda mai sitacin da za ta iya tsayuwa ba ni a ciki, na juye rabin kwalbar turare. Shugabarmu, Sista Rifkatu, mutuniyar Filato ce da ta fi shekara ashirin a Unguwar Gano. Tana ganina ta toshe hanci.

"Malam Sabo, kai ne ciyaman ɗin ko kai ne angon?"

Na ce, "Sista, mulkin farar hula ake yi, yau ba mai ba ni oda."

Wajen ƙarfe goma sai ga wata yarinyar mace, Binta, matar wani mai walda a Unguwa Uku, da 'yarta Ummi mai wata takwas. A katin Ummi na ga ta yi ciwon shawara mai tsanani bayan an haife ta. Binta ta ce tana zargin yarinyar ba ta ji. Sista ta zauna a gaba da ƙwallon roba, ni kuma na zagaya baya, riga tana shuu. Na kaɗa kacau-kacau ta dama, Ummi ta waiwayo. Na goga cokali a kofi ta hagu, ta waiwayo. Na ɗauki biro na rubuta cewa tana ji da kunnuwa biyu.

Na ce, "Malama Binta, wannan yarinya ta fi ki ji. Ku daina gulma a gabanta, ranar da ta fara magana za ta tona ku."

Kowa ya yi dariya ban da Binta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ranar da aka rantsar da gwamna masu kalangu sun wuni a ƙofar gidanmu, ko motsi ba ta yi ba. Babanta yana dukan ƙarfe, tana kwance abinta. In na kira ta daga baya ba ta juyowa. A gida an ce in daina yi mata mugun baki."

Na buɗe baki zan kawo mata kwas ɗina na sati biyu, Sista ta ɗaga hannu. "Koma bayanta. Amma ajiye kacau-kacau, kada ka yi ko tari."

Na koma hannu wofi, na tsaya shiru kamar gunki. Ummi ta yamutsa fuska, ta waiwayo, ta dube ni, ta saki atishawa.

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige har da sitacin. Da na sallame su da katin nan, da sai yarinyar ta kai shekara uku ko huɗu ba baki kafin wani ya sake duba ta, lokacin koyon magana ya riga ya wuce.

Sista ta ce, "Cire rigar. Ga sabulu, ga famfo." Ina tsugune da singileti ina dirzar wuya, sai ga ciyaman da tawagarsa. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sannu da aiki, mai wanki." Na amsa, na ci gaba da dirza.

Na sa farar riga, aka sauke labule don kada inuwata ta faɗa gaban Ummi, muka sake. Kacau-kacau, shiru. Kofi da cokali, shiru. Sai da na buga tiren ƙarfe da ƙarfi ta ɗan zabura ta juyo. Binta ta fara hawaye. Sista ta dafa ta ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki. Kin ga zaburar nan? Akwai sauran ji, kuma kin kawo ta da wuri." Na soke abin da na rubuta da hannuna, na rubuta takardar turawa sashen kunne na babban asibiti. Can aka tabbatar, daga baya aka sa mata na'urar ƙara ji, aka koya wa uwar yadda za ta riƙa yi mata magana fuska da fuska.

Tun ranar ban sake sa turare a ranar gwaji ba. Kuma in uwa ta ce ɗanta ba ya ji, sai in ajiye biro in saurara, don ita ta gwada shi sau dubu kafin ya zo hannuna. Ku ma da na'urarku ku riƙe wannan.

Bara sai ga Binta, ta zama dattijuwa, da wata matashiya rungume da jinjiri. Ummi ce, tela ce yanzu a Unguwa Uku. Ta gaishe ni da bakinta, harshen da ɗan nauyi amma ba kalmar da ta ɓace. Aka gwada ɗanta da na'ura, kunnuwa biyu lafiya lau. Daɗi ya kwashe ni, na tara ƙananan ma'aikata na ce, "Ku zo ku ga aikina! Ni na gano yarinyar nan tana wata takwas, ba na'ura ba komai!"

Binta ta gyara mayafi ta yi murmushi. "Allah ya saka da alheri, Malam Sabo. Amma kunnen Ummi, Sista ce ta gwada. Kai hancinta ka gwada, kuma ka yi gaskiya, har yau lafiyarsa ƙalau."