Jakar Alhaji Barau a Kasuwar Juma'a

Ko zan manta da duk ranakun da na yi a wannan aiki, akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita raina ba, ranar da aka sayar da jakar baƙona yana tsakiyar salla. Ku da kuka shigo kwanan nan kuna jin ina ta mita a kan fasfo, har kun laƙaba mini Baba Fasfo. Na ji, kada ku ɗauka ban ji ba. To yau ku gyara zama ku ji inda mitar ta samo asali.

A lokacin ina shekarata ta uku a kamfanin, ina ɗan rakiya, ina haya a unguwar Abbasiya, can babban birnin Masar. Ga wanda bai san tsarin ba, jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ke tashi daga gaɓar Ma'adi ya bi Nilu zuwa kudu yana da mudir, shi ne shugaban ma'aikata. Akwai murshid, Bamisre mai lasisi, wanda ke bayanin wuraren tarihi. Sai mu 'yan rakiya a can ƙasa, tsofaffin ɗalibai masu jin Larabci da Hausa, aikinmu tafinta da ƙirga kawuna. Ƙa'ida ita ce duk baƙon da ya shiga jirgi ya ajiye fasfonsa a teburin karɓar baƙi, don kafin a tashi jami'an tsaro kan duba sunaye da fasfo. Wanda ba a ga nasa ba, a gaɓa ake barin sa.

Cikin baƙina na wannan tafiya akwai Alhaji Barau, dattijo daga Zariya, tsohon direban jirgin ƙasa. 'Yarsa ce ta shirya masa tafiyar don ya huta. Duk inda ya sa ƙafa yana rataye da wata jakar fatar akuya, janta ya koɗe, igiyarta an ɗaure da zare a wuri biyu. A daren farko ya gaya mini ta mahaifinsa ce, da ita ya je Makka a ƙasa, ta hanyar Sudan, kuma ita kaɗai ya gada daga gare shi. Da na nemi fasfonsa don in kai tebur, sai ya dafa jakar ya ce, "Ɗana, a nan yake kwana, a nan yake tashi." Kunyar furfurarsa ta kama ni, na ƙyale shi, ban kuma gaya wa mudir ba. Laifina na farko ke nan, ba na ɓoye shi.

Jirgi zai tashi ranar Juma'a ƙarfe uku da rabi. Da safe mutum shida suka ce su ba za su koma kallon duwatsun tarihi ba, kasuwa suke so, kuma ba ta 'yan yawon buɗe ido ba. Murshid ya tafi da sauran, ni na ɗebi nawa a ƙaramar bas muka nufi kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ƙarƙashin gada duk Juma'a.

Wanda bai je wannan kasuwa ba, ban san yadda zan kwatanta masa ita ba. Babu shago, babu kanta. Kowa ya shimfiɗa tamfol a ƙasa ya baje abin da Allah ya hore masa: makullai marasa ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya, dutsen guga na gawayi, hotunan auren mutanen da ba wanda ya san su. Abin da kawai za ka riƙe shi ne, duk abin da ke kan tamfol na sayarwa ne. Ni na san haka, amma ban gaya wa baƙina ba, don ban ga dalili ba.

Alhaji ya tsaya wurin wani mai tsofaffin littattafai da kayan fata, Hajji Ramadan, suna ta hira da hannu da guntun Larabcin allo. Kusa da shi akwai wani dogo siriri mai sayar da agoguna da rediyoyi, Ammu Girgis, Kirista ne, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. A bayansa, kan wani akwatin katako, akwai garmaho mai ƙahon tagulla, an goge shi yana ƙyalli. Alhaji ya gan shi ya yi dariya, ya ce rabonsa da irin sa tun yana yaro a gidan wani akawu, ya ce in tambaya masa. Ammu Girgis ya girgiza kai yana murmushi. Ya ce wannan na babansa ne, yana fito da shi ne kawai ya sha iska, ba na sayarwa ba ne.

Ana cikin haka aka kira salla. A kan titi ake sahu, an shimfiɗa tabarmi, jama'a maƙil. Ni na tafi raka matan ayarinmu wani wuri mai inuwa. Shi kuwa Alhaji zai yi alwala, ƙasa duk ruwa, sai ya yi abin da kowannenmu zai yi a kasuwar garinsu. Ya cire jakar ya ɗora a gefen tamfol ɗin Hajji Ramadan, ya nuna ta, ya nuna wurin salla. Hajji Ramadan ya kaɗa kai alamar ya gane. Sai dai shi ma sallar zai tafi, kuma cikin sauri bai gaya wa kowa ba.

Al'adar kasuwar kuwa ita ce, idan Musulmi suka tafi salla, maƙwabtansu Kiristoci ne ke tsare musu kaya. Ammu Girgis shi ke kula da shimfiɗa biyar a wannan layi. Idan mai saye ya zo ba ya korar sa, yakan sayar wa mai kayan, ya danne kuɗin da dutse a wurinsa. Shekara da shekaru haka suke yi, ba a taɓa jin kansu ba.

Aka sallame, muka dawo. Alhaji ya duba gefen tamfol, ya sake dubawa, ya ɗaga littattafai. Sai ya juyo ya ce, "Malam Nasiru, ina jakata?" Na tambayi Hajji Ramadan, shi kuma ya juya ga maƙwabcinsa. Ammu Girgis, cikin jin daɗin wanda ya yi wa ɗan'uwansa ciniki mai kyau, ya nuna dutsen ya ce ai tsohuwar jakar nan ta tafi. Hajji Ramadan ya ɗora hannu biyu a ka yana salati. Alhaji kuwa ya nemi wuri ya zauna a kan wani tsohon akwati.

Na buga wa mudir waya, na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Uku da rabi, ya Nasir. Da fasfo ya hau, babu fasfo ya zauna, kai ma ka zauna tare da shi. Khalas, magana ta ƙare." Na duba agogo, ƙarfe ɗaya ta wuce. Na sa direba ya mayar da sauran baƙin jirgi, na dawo ina shirin kutsawa cikin kasuwa da gudu ba tare da na san inda zan nufa ba.

Ammu Girgis ne ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ya ustaz, gudu ba zai same ta ba." Ya jawo bargo ya rufe kayansa, a daidai lokacin da kasuwa ta fi ci, ya ce wa Hajji Ramadan yau kai ne mai gadi. Ya ce ya san wadda ta saya, Madam Nadiya, mai tara tsofaffin kaya don shirya ɗakunan wasan talabijin. Ba shi da lambarta, amma ya san zagayenta, don kullum ɗaya ne: kayan fata, sai fitilu, sai tsofaffin ƙofofi a can ƙarshen kasuwa, daga nan ta shiga tasi.

Muka bi shi, ni da Alhaji. A wurin wata mai shayi ya tsaya ya tambaya, ta ce Madam ta sha shayi ta wuce da jaka a kafaɗa. Masu fitilu suka ce yanzu ta bar nan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kafin mu isa wuri labari ya riga mu. Wannan ya ƙwala wa wancan kira, wancan ya miƙa gaba, sai ka ga mutum ya bar ciniki ya nuna mana hanya tun ba mu buɗe baki ba. Ammu Girgis ya yanke da mu ta layin masu tattabaru, muka ɓulla wurin ƙofofi. A can muka tarar mai ƙofofin ya ja ta da ciniki da gangan, yana ta fito mata da wannan da wancan, don saƙo ya iso masa cewa ya riƙe ta.

Mace ce mai kamala, da tabarau. Da ta ji bayani sai ta buɗe jakar nan take, ko leƙa cikinta ba ta yi ba tun da ta saya. Ta miƙo fasfo, da maganin hawan jini, da carbi, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj." Ni dai ganin fasfon nan, kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Na ce, "Baba, Alhamdu lillahi, yalla mu tafi." Amma ta mayar da jakar kafaɗarta. Ta ce wata guda tana neman irin ta, gobe za a ɗauki hoto da ita, kuma ciniki ya faɗa. Mutanen da suka taru ba wanda ya musa mata, don a dokar kasuwar gaskiyarta ce.

Alhaji ya dubi fasfon da ke hannuna ya ce a hankali, "Ɗana, kai ka je ka kama jirginka. Ni ina nan." Na roƙe shi, na nuna masa agogo, biyu da rabi ta gota. Ko motsi bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina ganin aikina zai tafi a kan tsohuwar fata, Allah ya yafe mini.

Ammu Girgis ya tambaye ni me dattijon ke cewa. Na gaya masa tarihin jakar, da mahaifin da ya je Makka a ƙasa. Ya daɗe yana kallon Alhaji. Sannan ya juya ga matar ya ce, "Madam, garmahon."

Ta cire tabarau. Ta ce, "Shekara biyu ina bin ka kana ce mini na babanka ne."

Ya ce, "Har yanzu ba sayarwa zan yi ba. Ki ba mutumin nan jakarsa ki aika a ɗauko."

Da na fassara wa Alhaji sai ya miƙe tsaye. Ya ce a'a, ba za a raba wani da kayan ubansa don a mayar masa da nasa ba, ya haƙura. Na faɗa wa Ammu Girgis. Ya karɓi jakar daga hannun Madam, ya rataya wa Alhaji ita da kansa, ya gyara masa igiyar. Ya ce, "Ka gaya masa amana aka bar mini, kuma da hannun nan na sayar. Ba shi ya yi kuskure ba. Ku tafi, jirgi ba ya jira."

Mun isa gaɓa saura minti goma, ana shirin janye tsani. Mudir ya karɓi fasfon bai ko dube ni ba, washegari ya ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancance ta. Alhaji kuwa har muka kai Aswan bai ƙara ambatar zancen ba. Sai ranar rabuwa ya ciro wani agogon aljihu mai sarƙa, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa da shi tun yana saurayi, ya naɗe a hankici. Ya ce, "Ka kai wa mutumin nan. Kada ka ce masa biya ne, ba biya ba ne."

Juma'ar da ta biyo baya na koma. Akwatin katakon yana nan a bayan Ammu Girgis, babu komai a kansa sai shatin inda garmahon ya daɗe yana zaune. Na miƙa masa saƙon. Ya buɗe, ya kara a kunne, ya ɗan jima yana sauraro. Sannan ya goge akwatin da hannun rigarsa ya ɗora agogon a kai.

Daga wannan rana na riƙe abu biyu. Fasfo a tebur yake kwana, ko da na kakana ne, kuma kafin baƙo ya sauka a wannan kasuwa sai na gaya masa kada ya ajiye ko hularsa a kan tamfol. Duk wannan na farko ke nan, na biyun da zan faɗa yanzu ya fi muhimmanci. Mu muna kawo baƙi da lissafin agogo, mu kwashe su mu wuce, muna ɗaukar mutanen kasuwar nan masu neman tatsar baƙo ne kawai. Amma ranar da na shiga uku, ba kamfani ne ya fitar da ni ba, mai tsofaffin agoguna ne da ban ko san sunansa ba da safe. Don haka in kun kai baƙi can, ku tsaya ku gaishe shi da kyau. Agogon yana nan kan akwatin har yau, yana ɗora shi a kai duk Juma'a. Na sha jin masu saye suna tambayar sa, shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: "Wannan ba na sayarwa ba ne, na ɗan'uwana ne."