Rakiyar Jitar Yaya Zuwa Wheaton

Mun tashi da asuba daga gidan Yaya a Mitchellville ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da shi da jitarsa. Tun kafin kiran salla idona biyu. Da muka shiga mota na ce a tsaya in sake duba ƙofar baya. Yaya ya ce, "Malam, shekara ashirin ina kulle gidan nan kafin ka zo." Duk da haka ya jira ni.

Bari in faɗa muku abin da ya hana ni barci. Ni tela ne a Kaduna, wata biyu ke nan da na zo Amurka ganin wana, injiniya ne da ya yi ritaya. Bayan rasuwar matarsa, yana da shekara sittin da ɗaya, ya sayi jita mai aiki da lantarki ya fara koyo shi kaɗai a ɗakin ƙasa. Yanzu su biyar ne a ƙungiyarsu, suna kiɗan Turawa da ake kira rok, kuma abin da aka tara a wasansu na marasa lafiya ne, ba ya shiga aljihun kowa. Labari ya je gida. Ana gobe zan taso, babbar yayarmu Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "An ce ɗan Malam ya zama makaɗi. Ka je ka gani da idonka. In har ana yi masa liƙi a goshi kamar maroƙi, to ba ni ba shi." Mahaifinmu malamin allo ne, a gidanmu ko ganga ce ta zo wucewa sai an kora yara ciki. Ni kuma ban iya ƙarya ba. Hajiya ta san haka, shi ya sa ta zaɓe ni.

Muka fara biyawa Largo ɗaukar mai gangunansu. Na zaci ƙato zan gani, sai ga wata dattijuwa 'yar Jos, nas ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata, tana ɗingishi saboda aikin da aka yi mata a gwiwa. Jikokinta shida. Muna loda kaya tana cewa, "Ƙanen oga, kama da kyau, gangar nan ta girme ka a Amurka." Da muka hau hanya na daure na tambayi Yaya maganar liƙi. Ya ce, "Nan ba a yi. Bokiti ake ajiyewa a ƙofa, kowa ya jefa abin da ya samu." Mama ta ce, "Wa zai yi wa tsofaffi liƙi? Sai dai a ba mu man zafi." Hankalina ya ɗan kwanta.

Babbar hanyar da ta zagaye babban birnin ƙasar kamar zobe muka bi. Layi huɗu kowane hannu, ba rami, ba mai danna ham, amma gudu ake kamar an biyo kowa. Ban saki mariƙin ƙofa ba. Itatuwan gefen hanya sun yi ja da rawaya, na zaci cuta ce ta kama su, Yaya ya ce haka suke yi kafin sanyi. Na ga barewa a mace a bakin titi, babu wanda ya tsaya ko ya waiwaya. A gidan mai kuma ba ma'aikaci, mutum da kansa yake zubawa, galan dala uku da wani abu. Dab da za mu sauka daga hanyar na hango wani farin gini mai dogayen hasumiyoyi ruwan zinariya, har na fara murna na ga masallaci. Mama ta ce majami'a ce, amma ba tasu ba.

Wheaton gari ne na baƙi. Allunan shaguna wasu da Sifaniyanci, wasu da rubutun Habasha. Mun shiga wani shagon kayan abincin Afirka saboda Mama tana neman daddawa. Na ɗauki doya guda, na ga an rubuta dala goma sha biyu, na mayar da ita a hankali kada ta ƙuje. Karin kumallo muka yi da wata irin wainar masara ta mutanen Latin, mai wake da cuku a ciki, ana haɗa ta da kabeji mai tsami. Sau uku na sa Yaya ya tambayi matar da ke toyawa ko akwai naman alade. A na ukun ta kai ni bakin kaskon na gani da kaina. Na ci biyu, da ba don kunya ba da na ƙara.

Wurin wasan zauren taro ne na unguwa, aro aka ba su. Abin da za a tara na masu wankin ƙoda ne waɗanda ba su da motar zuwa asibiti, alhali sai sun je sau uku a mako. Haɗa kaya kawai ya ci musu awa uku. Ƙaraminsu shekararsa hamsin da takwas, kowa da tabaraunsa, wani da kwalbar magani a aljihu, amma ba wanda ya zauna. Mawaƙinsu Bature ne mai farin gemu, tsohon ma'aikacin gidan waya. Shi ya duba agogo ya ce wa Yaya azahar ta yi, ya buɗe mana wani ɗaki, ya ce ba za a fara ba sai mun idar. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Da aka fara, ƙarar ta sa na dafe ƙirji, har kujerata tana rawa. Mama da ta shigo tana ɗingishi ta koma wata daban, sandunan kiɗanta ba a ganin su. Shi kuwa Yaya, tun da na zo ban ga haƙoransa ba sai ranar. A gida yakan zauna shiru yana kallon kujerar marigayiya. Nan kuwa ya tsaya ƙyam cikin jamfarsa, yatsunsa da suka yi kanta suna bin tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya ya kuskure, ya dubi Baturen, suka yi dariya, suka ci gaba. Tsofaffi suka ture kujeru suna rawa da sandunansu. Ni dai ina zaune, amma na kama ƙafata tana buga ƙasa, na tsawata mata.

A waƙa ta huɗu abin da nake tsoro ya zo. Wani Alhaji mai babbar riga, daga baya na ji ɗan Damagaram ne, ya miƙe da sababbin takardun dala a hannu, ya nufi Yaya. Mutane sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na san kafin la'asar hoton yana Kaduna. Ban san lokacin da na ruga ba. Na sha gabansa, na cire hulata na tara, na ce, "Alhaji, don Allah a nan, zuba a nan."

Ya dube ni ya washe baki. "A'a, madalla! Ashe da sanƙirarsu suka zo! To yi masa kirari mana, ka yi tsaye kamar turke!"

Ya zuba a hular. Turawa da sauran baƙi suka ɗauka al'adarmu ce, suka yi layi. Waƙa biyu cur ina tsaye a gaban jama'a kai ba hula, ana jefa mini kuɗi, wayoyi duk sun juyo kaina. Mama tana kiɗa tana dariya har da hawaye. Na zo hana ɗan Malam ɗaya zama maroƙi, sai ga 'ya'yan Malam biyu a fage.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai Hausar Gana ta turo mijinta a keken marasa lafiya har gaba. Na miƙa mata hula, ta ture hannuna. Ta ce, "Ɗana, matsa. Wata takwas ke nan kiɗan mutanen nan ke kai maigidana asibiti. Goshinsa nake so." Na waiwaya na dubi Yaya. Ya ji ta, kuma ya san saƙon Hajiya, don na gaya masa tun ranar da na sauka. Bai daina kiɗa ba. Ya matso bakin dandamali, ya sunkuyo da kansa. Ta liƙa masa dala ɗaya, ta manne da gumi. Ni ban tare ta ba, na matsa kamar yadda ta ce.

Da aka tashi na juye hular a bokitin ƙofa, muka loda kaya. Dawowa hanya ta cika, muka yi ta rarrafe har Largo, Mama tana ta kirana sanƙira. Mun iso gida da magariba lafiya. A hanyar nan na yi ta tunani. Na taso da sanin cewa mutunci shi ne kada ka yi abin da za a yi magana. Tafiyar nan ta nuna mini tsofaffi biyar da suka yarda a yi musu dariya domin wani ya isa asibiti, kuma ban ga abin da ya ragu a jikinsu ba.

Washegari da safe na kira Hajiya. Na gaya mata komai, ban rage ba, har da hular.

Ta ce, "Kai ma?"

Na ce, "Ni ma, Hajiya."

"Mijin matar nan fa, yana samun sauƙi?"

Na ce na ga yana tafi da hannu ɗaya a cinyarsa.

Can ta ce, "To shi ɗin ya iya kuwa, ko kunya kawai ya ba mu?"

Na ce, "Wallahi Hajiya ya iya."

Ta ce, "Ba shi wayar."