Ina Wushiryata?

Ɗan kabu-kabu ne ya kayar da ni cikin rairayi, muna dawowa daga kasuwar Kore Mairuwa. Buhun wakena ko ƙwarzane bai yi ba, amma haƙorana biyu na gaba suka ɓantare. Ƙanena da ke aiki a Yamai ya ce in taho, akwai likitan da ke manna wa haƙori wani siririn ɓawo fari, faset suke ce mishi, kuma mashin ke sassaƙa shi, ba hannu ba.

Likitan matashi ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinshi ba. Ya ɗan goge haƙoran, ya zura mini wani abu mai fitila a baki, sai ga haƙorana manya-manya a fuskar ordinatar, wato kwamfuta. Na koma gida Dogon Dutsi jira. Ko ruwan randa sai na ɗumama, in ba haka ba zugi har tsakar ka.

Ranar gwaji ya ɗora faset ɗin guda biyu, bai kai ga mannawa ba. Sun zauna daram, ko silin gashi ba zai ratsa ba. Ya miƙo madubi yana murmushi. Innalillahi! Wata baƙuwa ce ke kallona, haƙora a jere cif kamar na zangarniyar masara.

"Likita, ina wushiryata?"

"Hajiya, mashin ya ga rata a tsakani, ya cike. Awon nan babu kuskure."

"Wa ya aike shi? Ɓantara na kawo muku, ban kawo ƙarar wushirya ba!"

Ƙanena ya sa baki: "Haba Yaya, wasu nema suke a toshe musu."

Na ce can ta matse musu. Likita ya ce in na ƙi, sai an sake sassaƙa wasu, in koma gida da gogaggun haƙora, in sake shan hanya. Na ce ko shekara ce na ji na gani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ture faset ɗin da harshe, na tofa a tafin hannu, na aje mishi kan tebur.

"Ɗana, uwata ta rasu ba ta bar hoto ko guda ba. In kewarta ta kama ni, madubi nake ɗauka in yi dariya, in gan ta. Shi ne za ka liƙe mini?"

Sai ya jawo kujerarshi kusa, ya ce, "Hajiya, buɗe baki. Nuna mini yadda faɗinta yake."