Allurar da Yislam Ke Ajiyewa a Gindin Randa

Ina tsugune gaban amya ina hura hayaƙi matata ta kira ni a waya. "Awad, Yislam ya cika." Na zauna daɓas a ƙasa, ƙudan zuma na yawo a kaina, ban iya ko kore su ba.

Tare muka taso da Yislam a kwarin Do'an. Shekara ashirin da shida yana aikin jinya a ɗan asibitin ƙauyenmu. Gajere ne, ga tsokana.

Wata shekara, lokacin furen magarya, ƙudan zuma ɗaya ya harbi yayana Faraj a wuya. Mutumin da ya shekara talatin yana shan harbi, sai ga shi a ƙasa, leɓe ya kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Mu a wajenmu harbi ba ya kayar da mai kiwon zuma. Dattawa suka ce rana ce ta buge shi, babbansu Baba Ubaid ya sa ƙarfe a wuta zai ɗana masa a ƙeya.

Yislam ya iso a kan babur, takalmi ƙafa ɗaya.

"Baba Ubaid, ajiye ƙarfen nan, ba rago za mu gasa ba! Ku kwantar da shi, ku ɗaga ƙafafunsa."

Ya fasa wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ya zuƙi rabi da sirinji, ya soka wa Faraj a cinya. Ina kallo da idona, cikin 'yan mintuna ƙirjin Faraj ya buɗe, jini ya dawo fuskarsa. Baba Ubaid sai kabbara yake. Allurar nan Adiranalin sunanta. Yislam ya ce tana buɗe hanyar iska, ta matse jijiyoyin jini, ta zaburar da zuciya. A gindin randa yake ajiye ta, naɗe da tsumma, don zafi da haske na lalata ta.

Likitan da suka kai Faraj wajensa ya ce ya rabu da zuma, wani harbin zai iya kashe shi. Faraj ya ƙi. Shekara tara Yislam bai yi nisa da kwarin ba in magarya ta yi fure, har sau biyu ya sake ceto shi.

Da ciwon hanta ya kwantar da Yislam, na je dubiya. Ya san ina tsoron allura tun muna yara. Ya miƙo min sirinji da matashin kai.

"Soka, matsoraci. Yayanka ba zai bar zuma ba, ni kuma ka ga yadda nake."

Na soka wa matashin. Sau bakwai ya sa na maimaita, sai da hannuna ya saba.

"Idan na kuskure fa, ɗan'uwa?"

"Gefen cinya, rabin kwalba, sannan asibiti. In minti biyar ya wuce bai farfaɗo ba, ka ƙara. Ka iya, Awad. Je ka, barci nake ji."